Ranar da Aka Cakuɗa Kiban Baba

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za a tattara mu, babba da yaro. Wannan na sani tun ina 'yar mitsitsiya. Abin da ban sani ba shi ne wai Babanmu yana da masoya har haka, sai da ya rasu na gani.

Ranar Talata da hantsi ya cika, a ɗakinsa na Ɗanzomo, kansa a kan cinyata. Kafin a kira azahar ƙofar gida ta cika da motoci da babura, mata kuma sun cika tsakar gida maƙil. Wata da ban taɓa ganin ko ƙeyarta ba ta shigo tana salati tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "Allah sarki, tsoho mai fara'a, mai son mutane!" Na ɗago na dube ta. Mai fara'a? Shekarata hamsin da 'yan kai ina 'yarsa, ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai in yana tsinke jijiya da su. Na ce mata, "Hajiya, anya ba ɓatan gida kika yi ba?" Aka zungure ni ta baya.

Ta bayan katanga kuma ina jiyo maza. Wani ya rantse da Allah Baba ya taɓa kashe zaki shi kaɗai. Zaki a Ɗanzomo! A wace mota ya zo? Wani ya ce kibiyar Baba takan sha kwana ta bi mutum har cikin ɗaki, wani ya ce ai da aljanu yake aiki. Mutanen da in sun hango shi a kasuwar Maigatari da damin kara a ka sai su kau da kai, yau su ne suka fi kowa saninsa. Tir da wannan hali.

Baba ba shi da aljani ko ɗaya, kuma dabba mafi girma da ya taɓa kashewa gada ce, ita ma yana saurayi. Aikinsa ɗaya ne. Yana yin baka, yana yin kibiya, kuma ya san wace kibiya ce ta wane baka. Don kada ƙaryar masu zaman makoki ta binne wannan tare da shi na ɗauki biro, ni 'yarsa, tsohuwar malamar firamare, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta yi jinyarsa shekara huɗu.

Mutum ɗaya ne ya yi mini gaisuwar da ta shiga raina, aminin Baba, wani tsohon maharbi daga Gagarawa Tasha da muke kira Baffa. Da aka dawo daga maƙabarta ya aika a kira ni zaure. Ya ce, "'Yata, an taɓa kiban?"

Na ce, "Ba a taɓa ba, Baffa."

Ya ce, "To, kada a taɓa. Ran bakwai babban ɗa zai ja babban baka. Kin dai sani."

Na sani mana. Al'adar maharban wajenmu ce. In ɗayansu ya rasu, ranar sadakar bakwai sukan taru a bayan gida, babban ɗan mamaci ya ɗauki bakan ubansa ya harba kibiya ɗaya, sannan a kwance tsirkiya a rataye bakan. Malamai ba sa so, amma sukan yi addu'arsu su tashi su bar su da abinsu. Babban ɗan Baba kuwa shi ne Yayanmu, wanda ya yi aikin ofis a Gumel har ya ajiye, wanda rabonsa da taɓa baka tun yana sa gajeren wandon makaranta. Allah ya ba shi kafaɗun Baba da dogon hannun Baba, ya hana shi kan Baba.

Ran uku, ina can wajen tukwanen sadaka, Yaya ya sa aka buɗe ɗakin Baba. Wai manyan baƙi za su zo daga Gumel, ba zai yiwu su leƙa su ga ɗaki kamar na mahaukaci ba. Baka bakwai ne a jikin bango, kowanne da damin kibansa ɗaure a ƙarƙashinsa. Aka kwance damman nan duka, aka zube a tsakar ɗaki, aka kakkaɓe ƙura, aka cusa su a buhu ɗaya kamar tsinken tsire. Ƙusoshi biyu da ke bango aka zare su, tsohon kwaɗon ƙofa da ke rataye a ɗaya aka jefa shi bola. Na shigo na tarar da kiban a buhu.

Na ce, "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Yaya yana tsaye yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ni na sa. Kibiya ai kibiya ce. In an zo rabo a ba kowa nasa."

Na ce, "Ka san abin da ka yi kuwa?"

Ya ce, "Ke dai kin cika baƙar magana. Ni na riga na zaɓi tawa ma." Ya nuna mini wata siririya, doguwa, mai santsi, an naɗe mata wuya da gindi da jan fata. "Wannan zan harba ran bakwai. Ta fi fitowa a hoto."

Ya ja ƙofa, ya sa sabon kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun babbar riga.

Bari in faɗi abin da ya tsorata ni, don mai karatu ya san ba rigimar mata nake yi ba. Babban bakan Baba na icen dargaza ne, ya kusa tsayin mutum, ƙarti biyu suke taruwa kafin su ɗaura masa tsirkiya. Jar kibiyar nan kuwa ta bakan da ya fi kowanne sanyi ce a ɗakin. In aka ɗora irinta a kan babban baka aka ja har kunne, ba ta zuwa ko'ina. Tsirkiya na turo ta sai ta naɗe ta karye a tsakiya, guntun ya shige hannun da ke riƙe da baka. A bayan hannun hagu na Baba akwai wani tabo mai zurfi, yatsunsa biyu kuma har ya bar duniya ba sa naɗewa. Haka ya same shi yana ɗan shekara ashirin, kuma daga ranar ya fara taɓa kara kafin ya yarda da shi. Saura kwana huɗu Yaya ya yi wa kansa irin wannan a gaban jama'a, ga shi ni da shi shekara goma sha biyu ba ma ga maciji.

Kalmar Baba a wannan sana'a ita ce rusunawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗar sunana, Uwata yake ce mini. Yakan ce, "Uwata, ido ƙarya yake yi miki. Kibiya ba ta fita a miƙe. Baka yana tsaye a gabanta, tsirkiya tana turo ta ta baya. Dole ta ɗan rusuna ta kewaye shi, sannan ta miƙe ta kama hanyarta." Wadda ta fi ƙarfin bakanta ba ta rusunawa, sai ta bangaji baka ta fanɗare gefe, ita yake kira mai girman kai. Wadda baka ya fi ƙarfinta kuma rusunawar takan yi mata yawa, ta tafi tana rawa ko ta karye. Ita ce bafadiya. Ba ya zubar da ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya nema wa kowacce bakan da ya yi daidai da ita. Wadda yake zubarwa ita ce mai tsaga a ciki ko mai ƙwari. Ya taɓa ta sau ɗaya, ya wurga ta bayansa, ya ce, "Ta wuta ce."

Da mutane ma haka yake. Baƙo ya zo ya gaishe shi ya tafi, sai ka ji ya ce a ciki-ciki, "Bafade." Wani ya wuce yana hura hanci, ya ce, "Mai girman kai." 'Yan siyasa kuwa, in sun zo da hulunansu lokacin zaɓe, ko amsa sallamar bai gama yi ba zai ce, "Na wuta ne." Wannan shi ne mai fara'ar da Hajiya take yi wa kuka.

Kyauro yake aiki da shi, karan fadama mai ƙarfi da ake yin kibiya da shi. A wajenmu ba ya samuwa sosai, sai ya yi kudu bayan ɗaukewar ruwa ya yanko da hannunsa, ya jera a rufin rumbu ya shekara. Ya miƙar da shi a kan garwashi, ya kai wa maƙeri ya ƙera masa baki, ya naɗe da jijiya don kada ya tsage. Duk wannan wasu ma suna yi. Inda ya bar su shi ne wajen taɓawa. Yakan kafa gindin kara a cinya, ya tare bakinsa da tafin hannu, ya danna tsakiya da babban yatsa yana murza shi a hankali, don kowane kara yana da gefen da ya fi tauri, kuma shi ake juyawa ya kalli baka. Yana dannawa yana lumshe ido kamar mai sauraron magana daga nesa. Ya san in kara ya yi tsawo zai ƙara laushi, in an datse shi zai ƙara tauri. Ya san ƙarfen baki in ya yi nauyi yana sa kibiya ta ƙara rusunawa. Ya san dogon baka miƙaƙƙe yana turowa a natse, amma irin na mutanen arewa, gajere mai kunnuwa a lanƙwashe gaba, fizga yake yi, don haka kibiyarsa sai ta fi tauri. Har hannun mai harbi sai ya gani, don mai dogon hannu yana jan baka fiye da gajere.

A kan wannan ya yi faɗan da har yau ake ba da labarinsa a kasuwar Maigatari, ko da yake masu ba da labarin sun ƙara masa gishiri. Wani attajiri mai gonakin riɗi ya zo rumfarsa ran kasuwa, wai ɓarayi sun dame shi, yana son kibau masu yawa ya raba wa masu gadinsa. Baba ya ce, "Ina bakunkunan? Ina masu gadin?"

Attajiri ya ce, "Suna gona mana. Kai dai ɗaure mini dami."

Baba ya ce, "Sai na gan su, kowa da bakansa, ya ja a gabana."

Mutumin nan ya sha mur, ya gyara zaman hula, ya ce, "Tsoho, ka san ko ni wane ne?"

Baba ya ce, "Na san dai ba ka da baka."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Attajiri ya fice yana zage-zage, ya je gaba ya sayi irin waɗanda ake yi wa ado da zare mai launi don a rataye a falo. Baba ya dawo gida da daminsa yadda ya fita da shi. A shekarar ko hatsin kirki ba mu samu ba, Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ko a jikinsa. Da ta gaji ta tambaye shi, sai ya ce, "In hannun ɗan wani ya lalace, ba sunan Alhajin za a kira ba."

Alherinsa ma da faɗa yake yin sa. Wani maharbi daga tsallaken iyaka, wajen Damagaram, ya faɗo daga kan babbar mota, kamiyo a bakinsu, kafaɗarsa ta goce ba ta koma daidai ba. Ya kasa jan bakansa, abokan farautarsa suka mai da shi abin tsokana. Ya zo wurin Baba yana sunkuyar da kai, wai ya zo sayar da bakan ne. Baba ya ce, "Kai ragon banza ne. Zauna." Ya ajiye shi a zaure kwana tara, ana kai masa tuwo. Kullum sai ya kankare wani sabon baka kaɗan, ya miƙa masa ya ja, ya karɓa ya ƙara kankarewa, yana yi yana zaginsa, har ya zo daidai ƙarfin kafaɗar. Sannan ya tsinto masa kara mafi siranta a rumbu. Su kaɗai ne kiban da Baba ya taɓa yi wa ado a rayuwarsa, ya naɗe su da jan fata. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Don in an gani a ce na gata ne, kada a ce na mai rauni ne." Mutumin ya yi shekaru yana kawo mana zabi. Da ya rasu iyalinsa suka maido bakan da kibansa, suka ce shi ya bar wasiyya. Cikinsu Yaya ya zaɓi tasa.

Yadda ni na koya kuwa, dole ce ta sa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maharba kuma ba su daina zuwa ba. Ya sa aka kafa ƙusoshi biyu a bango, in ɗora kara a kansu, in rataya tsohon kwaɗo a tsakiya, shi yana kwance yana kallon yadda ya lotsa. Ya ce, "Wannan na kurame ne, waɗanda yatsunsu ba sa ji." Na ce to, na gode da yabo. Na ce masa, "Baba, me zai hana a shafa wa kowane dami fenti daban, a huta?" Ya ja wani dogon tsaki, ya ce, "Wanda sai ya ga fenti zai gane kibiyarsa, ya je ya sayi bindiga." Shekara biyu ina fama da kwaɗon nan. Wata rana na ɗauki kara na danna, na ajiye shi a gindin baka na uku ban waiwayi bango ba. Ya ce in miƙo, ya danna da hannunsa mai rai, ya daɗe. Sai ya ce, "Za ta je." Iyakar yabonsa ke nan a duniya, kuma kibiyar ya yaba, ba ni ba. Duk da haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Saura in faɗi abin da ya shiga tsakanina da Yaya. Lokacin bikin 'yarsa ta fari a Gumel, ya aiko mota ta ɗauke mu. Baba ya sa farar rigarsa guda ɗaya, ya ɗauki ƙaramin kwarin kibau da ya yi da hannunsa don ya ba ango. A bakin ƙofa Yaya ya karɓe kwarin ya tura ƙarƙashin kujerar mota. Ya kai Baba can layin baya. Da wani abokin aikinsa ya tambaya, ina tsaye ina ji da kunnena, ya ce, "Tsohonmu ne daga ƙauye, ɗan noma yake taɓawa." Ko "mahaifina" bai iya cewa ba. Baba bai ce uffan ba, har muka dawo gida bai ce ba. Ni ce na ce. Daga ranar na daina durƙusa wa Yaya. A gidanmu ƙanwa ba ta gaida wanta a tsaye, ni kuwa a tsaye nake gaishe shi, ido cikin ido, gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu. Shi ma ya riƙe abin a ransa. Duk abin da ya fito daga bakina, ko ruwa na ce ya jiƙe, sai ya ce a bushe yake.

Baba yana gani. Saura mako ɗaya ya rasu, ina ba shi kunu, ya kama wuyan hannuna, ya danna da babban yatsa yana murzawa yadda yake yi wa kara. Ya ce, "Uwata, tauri ya yi miki yawa."

Na ce, "A wurin wa na gada?"

Ya ce, "Ni ba inda za ni kuma. Ke ce da sauran tafiya. Ran da kika ɗan rusuna, za ki je."

Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, ga wanda ya wulaƙanta ka can yana shan iska a Gumel, ni da nake wanke ka ni ce mai laifi. Na ɗauke kwanon kunun na fita.

To, ran huɗu da rasuwarsa na aika wa Baffa labarin abin da aka yi wa kiban. Ya hau babur ya zo, ya sami Yaya ya yi masa magana ta girma. Yaya ya saurare shi da ladabin 'yan ofis, irin wanda kai yake gyaɗawa kunne kuma a toshe, ya ce, "Baffa, kada ka damu, wannan duk zugar ƙanwata ce." Baffa ya dawo zaure ya ce mini, "'Yata, ni maharbi ne, abin da ubanku ya miƙo mini shi nake harbawa. Ko an zube mini buhun nan ba zan iya tsamo ta babban baka ba. Kuma yaron nan ba da ni yake yi ba, da ke yake yi. Ke zai ji, in kin san yadda za ki faɗa."

Ba zan ɓoye ba, na so in ƙyale shi. Kwana biyu ina juya abin a raina ina jin daɗinsa. Na ce bari ya ja, bari ya ɗanɗana, ya tafi Gumel da tabon tsohonsu na ƙauye a hannu, ya ga yadda zai ɓoye wannan a ƙarƙashin kujerar mota. Allah ya yafe mini, amma haka na ji. Sai dai duk lokacin da na kai nan, sai in tuna yadda nake wanke wa Baba yatsun nan biyu da ba sa naɗewa, da yadda ko lomar tuwo ba ya iya tarewa da su.

Ran bakwai da hantsi aka yi addu'a, aka raba gumba, malamai suka tashi. Maharba suka zaga bayan gida, tsofaffi ne yawancinsu, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. 'Yan kallo ne suka yi yawa, har da baƙin Yaya na Gumel da manyan rigunansu. Aka jingina buhun ƙaiƙayi a gindin aduwa. Aka fito da babban baka, mutum biyu suka ɗaura masa tsirkiya. Aka fito da buhun kibau ma aka ajiye a gefe don a gani a yaba. Yaya ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya ɗora jar kibiyarsa. Wayoyi suka tashi sama, kowa yana ɗauka.

Na zura hijabina na fita. Mata suna ce mini, "Ina za ki cikin maza?" ban ko waiwaya ba. Na tsuguna a gaban buhu na zura hannu. Na danna ta farko, bafadiya. Ta biyu ta bakan arewa ce, gajeriya. Na yi ta dannawa ina ajiyewa, ina jin ana gunaguni a bayana. Can na taɓa wata mai kauri, baƙa-baƙa, jijiyarta duk ta yi dauɗa, ba abin da za a kalla a jikinta. Na murza ta, na danna, ta ba ni kaɗan ta tsaya. Ita ce.

Na miƙe na nufi Yaya. Ya gan ni, ya ɗaure fuska, ya shirya jin baƙar magana a gaban baƙinsa. Ni ma ita ce a bakina, har ta zo kan harshe. Na haɗiye ta. Na kai gwiwoyina biyu ƙasa a cikin turɓaya, na sunkuyar da kai.

Na ce, "Yaya, barka da hantsi. Ya ƙarin haƙuri?"

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Yau kuma?"

Na ce, "Yau kuma, Yaya." Na miƙa masa kibiyar da hannu biyu. "Don darajar Baba, ga kibiyar bakan nan. Wadda ke hannunka ta wani ce."

Ya ce, "Wannan mummunar?"

Na ce, "Ita ce tasa. Ka tuna hannun Baba."

Ya dubi hannunsa na hagu da ke riƙe da baka. Ya dube ni a durƙushe. Ya sauke jar kibiyar, ya miƙo mini, ya karɓi baƙar. Na juya masa ita gefen taurin ya kalli baka, na ja da baya. Ya ja har kunne, kafaɗun Baba ne sak, ya saki. Tsirkiya ta yi ƙara, kibiya ta tafi ba rawa ba kauce, ta nutse a buhun ƙaiƙayi har rabi.

Ai kuwa wuri ya kaure. "Ɗan gado! Ɗan gado!" Mai labarin zaki har da tsalle. Yaya ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa sai ka ce ya ci zaɓe. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin Gumel da Sule Tankarkar, an yanke ni daga ciki, sai ɗan gefen hijabina. Oho, su suka sani. Da zai wuce ta gabana ya koma wurin baƙinsa, ya zaro makullin ɗakin Baba ya saka mini a tafin hannu, ya ce, "Ki mai da su yadda suke." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban nema ba. Hannunsa dai lafiya ƙalau, yatsu biyar suna naɗewa.

Ina tsaye da jar kibiya a hannu ɗaya, makulli a ɗaya, ƙasa duk a gwiwoyina, Baffa ya dogaro sandarsa ya zo. Kowa buhun ƙaiƙayi yake kallo, shi kuwa ni yake kallo. Ya ce, "Ta je."

Nan kukan da ban yi ba ran Talata ya zo mini, a tsakiyar maza, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Kwana uku na yi ina tsince kiban nan ɗaya bayan ɗaya, ba ƙusa ba kwaɗo, har kowane baka ya sami daminsa, jajayen ma suka koma gindin ɗan bakansu mai sanyi. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, ba shi da fara'a, bai kashe zaki ba, amma bai taɓa miƙa wa ɗan wani abin da zai cuce shi ba. Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da Innarmu a inda ba a faɗa. Ni kuma, Baba, na ji maganarka. A makare na ji, amma na ji.